Tiren wadda aka kayar

Sana'ata sayar da ciyawar roba ce. Shagona yana unguwar Sharafiyya, a nan ƙasar Larabawa, tsakanin wani mai labule da wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma da ragowar kayan wani da ya tashi daga kasuwa na fara. A garin da ciyawar Allah ba ta rayuwa sai an yi ta shayar da ita kamar jariri, mai sayar da ta roba ba ya rasa abin yi. Masu manyan gidaje a Abhur, can bakin teku, suna son ta a gefen wurin ninƙaya, masu gidajen hutu suna shimfiɗa wa yara su buga ƙwallo, irinmu kuma mu sayi guntu mu kai saman bene don zaman shan iska.

Babban abin da kasuwa ta koya mini shi ne mai saye ba ya faɗin ainihin abin da ya hana shi saye. Zai ce launin bai yi masa ba, alhali kuɗin ne. Zai ce kuɗin ne, alhali matarsa ce ba ta gani ba. Aikina in gano abin da ke ransa in amsa masa tun bai furta ba. Da wannan na ci abinci, da shi na aurar da ƙannena, har na kai ga ganin babu wanda ba zan iya karantawa ba.

'Yata ta tsakiya ce ta shigo da tanis gidanmu. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, mamana nake ce mata. Tun da aka yaye ta Inna, mahaifiyar tawa, ta ɗauke ta, a ɗakinta take kwana, a kwanonta take ci. A wajenmu yarinyar da aka ba kaka irin wannan bayarwa ta kaka ce. Ni ke biyan makaranta, uwarta ke duba karatu, amma in magana ce ta inda za ta je da inda ba za ta je ba, bakin Inna ake kallo. Inna tana mata Hausa, ita tana amsawa da Larabci, kamar yawancin yaran da aka haifa a nan yanzu, kuma ba su taɓa kasa fahimtar juna ba sai in sun ga dama.

A shekarun da wata Balarabiya ta riƙa kaiwa wasan ƙarshe a babbar gasar da ake yi a kan ciyawa a Ingila, 'yan matan makarantarsu duk suka kamu. Balarabiyar ba ta ci ba, sauran suka watse, mamana ta zauna. Duk lokacin zafi, in gasar ta zo, sai ta mamaye talabijin ɗin falo. Na fara zama kusa da ita ne don ciyawar. Ranar farko filin kore shar, an yi masa layi-layi kamar an taje shi. Kafin ranar ƙarshe bakin filin nan biyu, inda 'yan wasa ke tsayuwa, sun koɗe sun zama ƙasa. Na ce mata da tawa suka saya da ba su ga wannan abin kunya ba.

Ta ce, "Ya Baba, taka ba ciyawa ba ce, darduma ce."

A hankali na fara gane wasan. Ta nuna mini yadda ƙwallo ke zamewa ƙasa-ƙasa a kan ciyawa, ba ya ba mutum lokacin tunani. Ta san wadda ta ci bara da wadda ta ci bara waccan, da wadda kowacce ta doke, da yadda aka tashi. Abin da ya ja hankalina shi ne a ɓangaren mata kusan kowace shekara sabuwar fuska ke ɗaukar gasar. Wadda ta yi ta cin kowa duk shekara sai ta zo ciyawa wata da ba a sa ta a lissafi ba ta kore ta tun da wuri. Wannan na fahimta sarai. Lokacin ciyawa gajere ne kamar kasuwar aikin hajji, wanda ya shirya ya samu, wanda ya tsaya gyara tsayuwa an tashi an bar shi.

Ba kallo kaɗai take yi ba. Ta sa na saya mata raket, abin bugun ƙwallon, ta riƙa dukan bangon saman bene da ƙwallo har maƙwabcinmu ya yi magana. Da na ga abin ba na kwana biyu ba ne, sai na tuna wani wurin wasan mata a Abhur da na taɓa yi wa aiki, inda mata ke koyar da 'yan mata. Na tambaya, aka ce za a ɗebi sababbi in an koma makaranta, kuma shekarunta sun kusa wuce na masu farawa. In ba ta shiga wannan karon ba, sai dai ta ci gaba da dukan bango. Hanyar ba matsala ba ce, kullum ina bin titin Madina zuwa can da kaya. Uwarta ta yarda. Saura Inna.

Na same ta bayan la'asar, ta gama wasan keram da wata maƙwabciya. Inna da keram sai Allah. Tun tana yarinya a tsohon gari take bugawa, allonta ya girme ni, katakon ya yi baƙi don shan hannu. Allo ne mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa da rami, a barbaɗa hoda, a jera 'ya'ya farare da baƙaƙe da ja guda ɗaya a tsakiya, kowa ya riƙa harbi da yatsa yana zura nasa. A ɗakin Inna kuma wasan yana da doka: wadda aka ci ita za ta tashi ta dafa shayi, ta kawo a tire, ta zuba wa wadda ta ci ta da hannunta, ta zauna su sha tare. Na ga manyan mata masu jikoki sun bi wannan doka suna gunaguni suna dariya. Mamana ce kawai ba ta taɓa bi ba. Ta iya wasan, har ta fi ƙawayen kakarta, amma in Inna ta ci ta sai ta miƙe ta bar ɗakin, wani lokaci har da ƙin cin abinci. Akwai ranar da ta ture allon 'ya'yan suka watse ƙarƙashin gado. Muka yi dariya muka ce ƙuruciya ce. Daga baya ta daina bugawa da kakar gaba ɗaya, ni kuma na manta da zancen.

Na yi wa Inna bayanin wurin wasan, ta saurara tana share hoda daga allo. Da na gama ta ce, "A bari tukuna."

Ni na san wannan kalma a bakinta. Da ita ta hana ni sayen babur ina saurayi, kuma har yau ba ta ce a saya ba.

Da na koma ɗaki matata ta ce, "Ka tambaye ta dalili?"

Na ce ba sai na tambaya ba, dalilin a fili yake. Tsohuwa ta leƙa talabijin ta ga mata da guntayen fararen kaya suna tsalle, me kuma ake nema? Matata ta ce ita dai da na tambaya. Na ce ta bar ni da sana'ata.

Sai na shirya kamar yadda nake shirya wa babban mai saye. Na je wajen wani abokina mai kayan wasanni a Bagdadiyya, na zaɓo dogon wando, riga mai dogon hannu har cinya, da ɗan kwalin da ba ya zamewa in ana gudu. Na ɗauko hotunan wurin a wayata, da katangarsa da ƙofarsa, don ta ga namiji ba ya shiga. Na bari sai ranar Asabar ɗin da za a yi wasan ƙarshe na mata, saboda na san mai saye ya fi saurin yarda in ya ga kaya a lokacin da suka fi kyau. Har guntun ciyawa mafi laushi a shagona na yanko na shimfiɗa a falo gaban talabijin, don ƙafarta ta taka.

Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙasa.

"Kai mai ciyawa," haka take kirana, don ni ne ɗanta na fari, "ka mai da mini falo makiyaya. Ina awakin?"

Duk da haka ta zauna, ta miƙe ƙafafu a kai, ta ce ba laifi, ya fi tayil ɗumi. Mamana ta zauna a ƙasa kusa da ita, cikin sababbin kayan, kamar yadda na tsara. 'Yan wasan biyu suka fito. Mamana ta nuna ɗaya ta ce ita take goyon baya, wannan ne karonta na farko a wasan ƙarshe, kuma ta sha wuya kafin ta kawo nan. Na ga lokaci ya yi, na gyara murya.

"Inna, kin ga kayan da suka sa ko? To can ba haka ba ne. Dubi na jikinta. Ga kuma hoton wurin, katangar ta fi ta gidan nan tsawo."

Ko kallon wayar ba ta yi ba. Ta ce, "Na tambaye ka?"

"A'a."

"To matsa, ka tare mini."

Na matsa. Aka fara wasa, kuma tun daga farko aka ga inda abin ya dosa. Wadda mamana ke so hannunta ya ƙi zama, ta buga ƙwallo ya tafi waje, ta sake ya faɗa raga. Ɗayar kuma ba ta da tausayi ko kaɗan, irin mutanen da in sun samu kasuwa ba sa ɗaga kai su gaisa. Inna ba ta san yadda ake ƙirga maki ba, amma ba ta buƙaci a gaya mata wa ke ci ba.

Ta ce, "Wannan yarinya tsoro ne ya kama ta. Dubi kafaɗunta."

Aka gama turmin farko ba ta samu abin kirki ba. Aka shiga na biyu, bai canja ba. Mutanen filin suna ta yi mata tafi duk sanda ta samu ɗan maki, irin tafin da ya fi zagi ciwo. Ina kallon mamana ta gefen ido, fuskarta ta haɗe, tana tsinkar ciyawata da yatsu. Can ta miƙe.

"Halas, ya isa, ba zan iya kallo ba."

Inna ta ce, "Zauna, takwara."

"Ya sitti," haka yaran nan ke kiran kaka da Larabci, "an gama, me ya rage?"

"Ita da ake duka gaban duniya ba ta gudu ba. Ke da kike falon ubanki ina za ki?"

Ba ta zauna ba, amma ba ta fita ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa. A haka aka ƙarasa, tun kafin a kira magariba, kuma wadda aka kayar ba ta ci ko zagaye guda ba daga farko har ƙarshe. Ni a raina na riga na rufe ciniki. Na zaɓi ranar da zan nuna kaya, kayan suka ba ni kunya. Na miƙa hannu zan kashe talabijin.

Inna ta ce, "Bari. Yanzu ne nake son gani."

Wadda aka kayar ta tako zuwa raga ta miƙa wa ɗayar hannu. Ta je ta zauna, ta rufe fuska da tawul. Aka shimfiɗa abin da za a shimfiɗa, manyan baƙi suka fito, aka kira ta. Ta zo ta karɓi wani ƙaramin tire na azurfa, ta ɗaga shi sama, hawaye na zuba. Aka ba ta abin magana, ta share fuska ta fara jawabi. Inna ta sa mamana ta fassara mata, ita kuma ta fassara daga bakin ƙofa da ƙaramar murya: tana taya ɗayar murna, tana gode wa mutanenta. Sannan aka ba wadda ta ci nata, babba, mai zane-zane, ta rungume shi. Ta farkon tana nan tsaye a gefe da ƙaramin nata, ba ta tafi ba har aka gama hotuna.

Inna ta ce, "Duk gudun nan a kan tire ake yi ashe." Ta yi 'yar dariya, sannan ta juyo gare ni. "Kai kana ta kawo mini wando. Ni wando ya dame ni? A ɗakina ta girma, na san abin da za ta sa da wanda ba za ta sa ba. Tambayata ɗaya ce. Wannan wasa, kowa ke ci?"

Na ce a'a, mutum ɗaya ke ɗauka, duk sauran sai an kayar da su.

"To. Yarinyar da in na ci ta a keram, ni kakarta, a cikin ɗaki, ba mai gani, sai ta ture allo ta ƙi cin abinci, ita za ka ɗauka ka kai cikin 'ya'yan mutane? Ranar da wata ta yi mata irin wannan cin fa? Ta jefe ta da abin bugun, a ce jikar wance ce? Ko ta dawo mini nan ta kwanta ciwo? Ban hana ta don mugunta ba. Ban ga alamar za ta iya ɗauka ba ne."

Duk amsar da na tanada ta wata tambaya ce daban. Matata tana tsaye a ƙofar kicin, ta dube ni.

Mamana ce ta yi magana, cikin Hausarta mai ɗingishi, wadda ba ta fito da ita sai abu ya kai mata wuya. "Zan iya."

Inna ta ce, "Baki ne. In an yi sallah ɗauko allon."

Na dawo daga masallaci na tarar an ajiye allon a kan ciyawata, an barbaɗa hoda. Kafin mamana ta fito daga ɗaki na sunkuya na ce wa Inna a hankali ta ɗan sassauta mata. Ta dube ni kamar na ce ta rage raka'a.

"In na bar mata ta ci, me na gani?"

Suka fara. Mamana ta buga da kyau, ta zura nata a jere har na fara sa rai, ko da yake ban san me nake fata ba, don in ta ci ma ba a amsa tambayar ba. Inna ba ta gaggawa. Yatsunta sun kumbura da tsufa, amma in ta harba sai ka ji ƙas, ɗan ya bugi gefe ya dawo ya shige ramin da ba ka zata ba. Tana yi tana tsokana.

"Wannan harbin na Ingila ne ko na Sharafiyya?"

"Ya sitti, yalla, buga."

"Ina zuwa. Ke dai ki fara tunanin inda sukari yake."

Inna ta ɗauke jan, ta bi shi da nata, ta share sauran ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshe ya faɗa rami sai ta naɗe hannu a cinya.

Mamana ta zauna tana kallon 'ya'yanta da suka rage a kan allo. Na ga hannunta a bakin katakon, na ga yadda ta danne shi. Sannan ta miƙe ta fita. Daga falonmu in ka fita, hagu ɗakin kwana ne, dama kicin, kuma daga inda muke zaune ba a ganin inda mutum ya bi. Na yunƙura zan leƙa, Inna ta ɗaga mini yatsa. Muka zauna. A talabijin ana ta maimaita wasan ba murya. Sai muka ji an buɗe famfo, aka ɗora buta a wuta.

Ta daɗe kafin ta dawo. Ta shigo da tiren Inna na baƙi, da ƙananan kofuna da ganyen na'ana'a a gefe, idanunta sun yi ja. Ta durƙusa ta zuba, ta miƙa wa kakarta da hannu biyu.

"Mabruk, ya sitti," ta ce, tana taya ta murna.

Inna ta kurɓa, ta yamutsa fuska. "Ya yi ƙarfi. Kin bar shi ya dahu da fushi." Ta sake kurɓa. "Zuba naki ki zauna. Ba a gama ba sai an sha tare."

Ta zuba ta zauna. Suka sha, ni ma aka ba ni, kuma gaskiya ya yi ƙarfi. Sai da kofin Inna ya kusa ƙarewa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mai ciyawa, yaushe ake fara abin nan naku?"

Na gaya mata.

"Wandon ya yi mata tsawo, za ta taka ta faɗi. A kai a rage. Kuma ka kwashe mini wannan ciyawa kafin kyanwa ta ɗauka ta gaske ce."

Yanzu ina kai ta Abhur in zan kai kaya, in ɗauko ta in na gama. Filinsu ba ciyawa ba ne, siminti ne mai shuɗin fenti, kuma ta fara a makare, don haka waɗanda suka riga ta suna cin ta fiye da yadda take cin su. Ban sani ba ko za ta yi nisa, ba kuma ni ke da wannan lissafin ba. Ranar da aka fara haɗa su wasa tsakaninsu, wata ƙaramar yarinya da ba ta kai kafaɗarta ba ta yi mata cin da bai da daɗin faɗa. Maza ba sa shiga, don haka ban gani ba, a mota na karanta a fuskarta. Har muka wuce filin jirgi tana kallon waje ta taga, ni kuma ban tambaya ba.

Da muka isa gida Inna tana zaune da allonta, ta ɗago ta ce, "Yaya, takwara?"

Mamana ta ajiye jakar raket a bakin ƙofa ta ce, "Na ba ta hannu." Ta wuce kicin ta ɗora buta.